Ƙaho a Kan Sanƙo

A ƙarshen daminar 2015, lokacin da mutanen Mubi suka gama dawowa daga gudu suna gyaran ƙofofin da aka ɓalle musu, aka lura unguwar Yelwa ba ta da Sarkin Aska. Tsohon ya rasu a Kamaru. Wanzamai biyu suka rage da za a iya naɗawa: Adi, wanda ba ya magana sai an tambaye shi, da Sajo, wanda ba ya bari a kai ga tambaya. Sajo ya riga ya gaya wa surukansa cewa sarautar tasa ce, rana kawai ake jira.

A Yola ya yi zaman gudunsa, wurin ƙanen matarsa mai gadin wani asibiti. Da yake ba shi da abin yi, sai ya riƙa wuni a benci a bakin ɗakin likitan mafitsara yana taya masu layi hira. A nan ya lura yawancin tsofaffin, in sun cire hula don shan iska, kansu fes yake kamar bayan ƙwarya. Wata rana kuma ƙofa ba ta rufu sosai ba, ya ji likita yana gaya wa wani dattijo cewa akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji, sunanta furosteti, wadda kan kumbura in shekaru sun ja ta matse hanyar fitsari. Ya ce sinadarin maza da ke da hannu a kumburin shi ne dai ke cin gashin kai, har ma ƙwayar da ake bayarwa takan dawo wa wasu da ɗan gashi. Daidai nan nas ta tura ƙofar da ƙafa. Sauran ilimin Sajo da kansa ya ƙarasa shi a mota, a hanyar dawowa gida.

"Rabi, ajiye rariyar nan ki ƙaru," ya ce wa matarsa wata safiya. "Kan mutum gona ne. Gashi shuka. Me shuka ke so?"

"Taki," in ji Rabi, ba ta daina tankaɗe ba.

"Ruwa! Ruwan da ya kamata ya hau sama ya shayar da gashi, shi ne yake ɓata hanya ya gangara ƙasa. Sama ta bushe, ƙasa ta yi ambaliya. Likitocin Yola daga ƙasa suke kama zancen, shi ya sa suke daɗewa. Ni daga sama zan kama. In kafa ƙaho a tsakiyar sanƙo in zuƙo ruwan ya koma inda Allah ya ajiye shi. Gashi ya fito, fitsari ya tsaya, Jauro ya naɗa ni."

"To, Baban Khaulat, ka fara da gonar gida mana. Hanyar da ka fitar tsakanin ɗaki da bayi ko akuya ta san ta."

Sajo ya waiga ya ga ko maƙwabta na ji. Gaskiya ce da mutum biyu kawai suka sani a duniya: a ƙarƙashin hularsa babu ko sili ɗaya. Abin da ya rage masa wani ɗan zagaye ne daga kunne zuwa ƙeya, shi yake bari ya yi tsawo, ya shafe shi da baƙin rini, ya leƙo ta gefen hula. Alwala kuwa kullum a gida yake yin ta.

"Mutum ba ya iya zuƙar ƙaho a kansa," ya ce a hankali. "Sai dai in ke za ki..."

"Bakina? Allah ya kiyaye."

Da la'asar ya nufi ƙofar gidan Jauro Bakari, mai unguwa, inda dattawa ke zama a gindin darbejiya.

"Barkama," ya gaida Jauro irin gaisuwar masu sarauta, "na zo da abin da ko a Yola manyan likitoci kaɗai suka sani. Furosteti."

"Wane ne shi kuma?" in ji Malam Tsoho tela. "Sabon kwamanda aka kawo?"

"Ciwo ne, Malam Tsoho, kuma a kai ake gane mai shi. Duk wanda tsakiyar kansa ta fara haske, to ya fi sanin hanyar bayi da hanyar kasuwa. Ba ya barci. In ya tsuguna ya yi ta jira kamar mai jiran albashin ƙaramar hukuma. In ya zo ɗis, ɗis. Ya miƙe ya ɗaure wando, sai sauran ya ce ga ni nan."

Hannuwa suka tashi, kowa ya ɗan danna hularsa.

"Allah ya ba masu shi lafiya," in ji Jauro. "Mu dai nan ba mu san shi ba."

"Ni ko labarinsa ban taɓa ji ba," in ji Malam Tsoho. Ya miƙe ya ce zai duba shago, ya ɗauki buta ya tafi.

"Ni na yi fama da shi a Yola," Sajo ya ci gaba, yana jan gashin gefen kunnensa. "Kaina kamar faranti. Yanzu ku duba. Ni na dawo da abina da hannuna."

"Cire hular mu gani," in ji wani.

"Haba. Wa ke buɗe sabuwar shuka rana ta ƙone ta?"

Babu wanda ya nuna sha'awa. Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar baya, ta wajen turken awaki. Malam Tsoho ne, yana waige-waige.

"Ba don ni na zo ba. Wani yayana ne a Kwaja."

"Madalla. Zauna, kawo kan yayan naka."

Malam Tsoho ya zauna ya cire hula.

Kafin azahar soron Sajo ya cika da mutanen da ke da 'yan'uwa marasa lafiya a ƙauye. Limamin ƙaramin masallaci ya zo saboda wani aminin mahaifinsa. Wani tsohon ɗan sanda ya ce shi hanya ce ta biyo da shi. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon bango, ana hirar tsadar taki. Daga ƙarshe Jauro Bakari da kansa ya shigo, ya ce haƙƙinsa ne ya san abin da ake yi wa jama'arsa.

"Gwada a kaina, Wanzam, in ga ko akwai cutarwa ga talakawa."

Aikin kansa ba wuya. Sajo ya jiƙa tsakiyar kai, ya ɗora ƙaho, ya zuƙe iska ya toshe. Abin da bai sani ba, don bai taɓa kafa ƙaho a nan ba, shi ne ƙaho na kama sanƙo fiye da yadda yake kama baya. Sai da ya dafe goshin Jauro da hannu ɗaya ya yi ta murɗawa kafin ya fita da ƙara, ɓut, ya bar wani kumburi ja, zagayayye, a ƙoƙon kai. Bayan ƙaho kuma sai jiƙo: soɓorodo da gemun masara, babban kofi safe da yamma, domin a sami ruwan da zai hau.

"Gemun masara?" in ji Rabi da ta ga tukunyar. "Shi fa ake dafa wa mai kumburin ƙafa don ya yi ta fitsari."

"Wannan a jikin mata ne. A jikin namiji sama yake yi. Ba ki ga kamarsa da gashi ba?"

Asirin ya rufu har zuwa Juma'a. A bakin famfon masallaci, inda samari da dattawa ke jere suna alwala, aka zo shafar kai. Malam Tsoho ya ɗaga hula. Na kusa da shi ya ɗaga. Tsohon ɗan sanda ya ɗaga. Kowanne da jan kumburi a wuri ɗaya, girma ɗaya, kamar an buga musu hatimi a ofis guda. Wani matashi mai gyaran waya ya tsaya da ruwa a baki ya kasa furzarwa. Da yake Sajo ya bi shago shago yana tallar cewa mai sanƙo shi ne mai ciwon, kuma ƙaho ne maganin, ba a bukaci wani ya yi bayani ba.

Kafin magariba duk Yelwa an san wa da wa. Masu keke suka fara tambaya cikin ladabi: "Baba, kai tsaye za mu, ko akwai inda za a ɗan tsaya?" Salomi mai ƙosai, 'yar Michika da ta shekara ashirin tana suya a bakin titi, ta hango Malam Tsoho ta ɗaga matsami.

"Baba Tsoho, in zuba maka, ko wanda ke kanka ya ishe ka?"

Mako bai zagayo ba Malam Tsoho ya iso gindin darbejiya yana huci, ya tarar da Sajo na ba da labarin wani farfesa da ya roƙe shi ya zauna a Yola.

"Kai, Sajo! Da ina tashi in koma in kwanta. Yanzu a bakin bayi nake shimfiɗa tabarma! Jiya saboda gyangyaɗi na ɗinke wa mutum wuyan riga, ya zo sawa ya rasa ta inda kai zai fita!"

"Alhamdulillahi," in ji Sajo. "Aiki ya kama. Tsohon ruwa ne ke fita, ya ba sabo wuri." Ya kai hannu ya ɗage masa hula ya shafa. "Ka ji? Ya fara tsiro."

"Ƙurji ne, ɗan banza!"

Jauro, wanda idanunsa suka yi ja don rashin barci, ya yi gyaran murya. "Wanzam, magana ya yi yawa a unguwa. Jikokina ma suna leƙa hulana. Ina ganin wannan sarauta, Adi..."

Sajo ya ji sunan kamar an watsa masa ruwan sanyi, bakinsa kuwa ya riga hankalinsa tashi.

"Barkama, a gwada ni a gaban duniya! Ranar kasuwar Michika mu shiga mota, ni da duk wanda na yi wa aiki. Daga tashar Mubi har Michika babu mai cewa direba tsaya. Ko buta ɗaya ba za mu ɗauka ba. In mun isa, a naɗa ni, masu dariya su ji kunya. In wani ya sauka a hanya, a ba Adi, ni zan riƙe masa rawanin!"

Dattawa suka dubi juna. Babu wanda ke son tafiyar, amma samari sun riga sun kewaye bishiyar suna saurare, kuma duk wanda ya ce ba za shi ba ya gama faɗin abin da ke damunsa.

"Ni ko Maiduguri ne," in ji Malam Tsoho da wata irin siririyar murya.

Ran tafiya Sajo ya sake kafa wa kowa ƙaho, sabo a kan tsoho, ya ninka jiƙo domin ruwa ya sami ƙarfin hawa. Don ya ƙarfafa musu gwiwa shi ma ya shanye kofi biyu a gabansu, ya ƙara na uku saboda an yi tafi. Niyyarsa ya zagaya bayan tasha kafin a tashi. Amma rabin Yelwa ta zo rakiya, ana ta "Sai Dokta! Sai Sarkin Aska!", aka ɗaga shi sama aka zaunar a gidan gaba. Abin da kawai ya samu ya yi, ya ja zariyar wandonsa ya ƙulle ta tam, ƙulli kan ƙulli, don jiki ya san ba wasa. Murtala direba ya bi kujera kujera yana ƙwace butoci ya jera su a bakin tasha. Salomi na cikin motar da ke bayansu da buhun wake, ta ce dama tana da zuwa gida, amma ko ba ta da shi yau sai ta je.

Da farko motar ta cika da hira. Aka yi siyasa, aka zagi 'yan majalisa, aka tuna wanda ya fi kowa gudu ranar da 'yan bindiga suka shigo gari. Da aka fita daga gidaje hira ta ragu. Da aka shiga ramuka ta mutu. Ba a jin komai sai jarkar sauran jiƙo da Sajo ya tura ƙarƙashin kujera, duk ramin da aka faɗa sai ta ce culum.

"A yi wa Allah a kashe jarkar nan," in ji Malam Tsoho.

"Ku ɗaga kai sama," in ji Sajo. "Ruwa inda ido ya duba yake bi."

Dattawan Yelwa suka ɗaga kai gaba ɗaya suka ƙura wa rufin mota ido. Liman na motsa baki. Tsohon ɗan sanda ya kama ƙarfen kujera kamar za a ƙwace masa.

Suka iso wani rafi da ya kawo ruwa. Murtala ya rage gudu har kusan tsayawa.

"Kai, Baba Jauro, dubi ikon Allah. Ji yadda yake zuba a kan dutsen can, sharrr..."

"Murtala," in ji Jauro, idonsa na sama, "ubanka abokina ne. Taka mota."

Sajo ya harɗe ƙafa ya sake harɗewa ta ɗaya gefen. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula, ya bi ta cikin rini, ya gangaro baƙi ƙirin ta gefen kunne. Murtala ya kalle shi ta wutsiyar ido.

"Dokta, kanka na zubar da baƙin mai. Ko mu tsaya a duba?"

"Ƙarfin magani ne. Kalli hanya."

Kaɗan bayan Mararraba suka tarar da shingen sojoji, motoci sun yi layi. A wancan lokacin dokar shinge kowa ya san ta: fasinja su sauka tun daga nesa, su tako da ƙafa hannu a sama, maza su ɗaga riga su cire hula, kuma babu mai sauka daga kan kwalta ya nufi daji. An share duk ciyawar gefen hanya, ba abin da ya rage sai wata gonar gyaɗa da ba ta kai idon sawu ba.

Wani ƙaramin soja ya ga ayarin tsofaffi na tahowa gwiwa a haɗe, taku ƙanana, gumi sharkaf, kowanne na satar kallon daji. Ya gyara riƙon bindiga.

"Ku tsaya a can! Cire hula!"

Suka cire. Sajo, da ke gefe, ya ɗaga hannuwansa sama fiye da kowa ya yi kamar bai ji ba. Sojan ma bai lura da shi ba. Idonsa na kan jerin kawunan, kowanne da jan zobe a tsakiya.

"Oga! Oga, zo ka gani!"

Saje, shugaban sojojin shingen, ya fito daga bayan buhunan yashi, wani ƙaƙƙarfan mutum mai Hausar bariki. Ya bi layin a hankali yana leƙa kawuna.

"Wannan alama na wane ƙungiya?"

Ya kai ƙarshen layin ya juyo.

"Wane ne shugaba?"

Hannuwa na sama, don haka da haɓa suka nuna. Duk haɓoɓin Sajo suka nufa.

"Yallaɓai, ba ƙungiya ba ce, bincike ne," in ji Sajo. "Ni likita ne, daga Yola na..."

"Yi shiru. Kai, baba, me ya sa kana rawa?"

"Ba rawa nake ba," in ji Malam Tsoho, yana sauya ƙafa.

Ƙaramin sojan ya dawo daga binciken mota, zabirar Sajo a hannu ɗaya da asake da ƙahoni a ciki, jarka a ɗaya hannun. Saje ya ajiye zabirar a bayan buhuna, ya buɗe jarkar ya shinshina jan ruwan.

"Mene ne wannan?"

"Magani ne, yallaɓai. Ko jariri zai iya sha."

"To. Kowa ya sha a gabana."

Wani sauti ya fito daga bakin Malam Tsoho irin na akuyar da aka taka wa wutsiya. Aka fara daga liman, wanda ya kurɓa hawaye na zubo masa. Jarka ta zo kan Jauro Bakari. Ya dube ta, ya dubi gonar gyaɗa, ya dubi layin motoci da mutane suka firfito suna kallo.

"Yallaɓai," ya ce ƙasa-ƙasa, "ni ne Jauron Yelwa. Wannan ba ƙungiya ba. Fitsari ne."

"Ban ji ba. Ƙara murya."

"FITSARI NE! Muna jin fitsari! Wannan mutum ya sa mana ƙaho a kai wai zai tsaya!"

"Gaskiya ne, oga!" Salomi ta ƙwalla daga cikin layi. "Duk Yelwa an sani!"

Saje ya daɗe yana kallonsu. Sannan kafaɗunsa suka fara girgiza, ya juya baya ya dafa buhu ya yi dariya har hular kwanonsa ta karkace.

"Ku tafi gona," ya ce yana share ido. "Inda ina ganinku. Hannu ɗaya a sama."

Ba a taɓa ganin tsofaffin Yelwa sun yi irin wannan gudun ba tun ranar da aka bar gari. Suka jeru a cikin gyaɗa, suka ba hanya baya, suka tsuguna kowa da hannu ɗaya a sama kamar 'yan aji masu son ba da amsa. Matan da ke layi suka juya fuska, mayafai na rawa. Can aka jiyo muryar liman yana tambaya ko akwai mai gorar ruwa a cikin Musulmi, Salomi ta aika da tata.

Sajo bai motsa ba. Ya lissafa cewa in shi ya daure, magana ba ta mutu ba.

"Barkama!" ya ɗaga murya wajen gona. "Wannan ba ya cikin sharaɗi! Ba wanda ya ce direba tsaya, hukuma ce ta tsayar! Ga ni nan kuma, ni da na gama shan magani, ko gezau!"

Yana faɗa yana danna yatsun ƙafa cikin takalmi. Da ya tsaya a nan, watakila da Jauro ya rasa amsa. Amma daidai lokacin Saje ya cire hular kwano don ya goge gumi, rana ta faɗa a kan wani sanƙo mai faɗi, sumul, wanda Sajo bai taɓa ganin kamarsa ba ko a Yola.

"Allahu Akbar," in ji Sajo. "Yallaɓai, ashe kai ma namu ne! Ba ka barci, ko? Ka tsuguna ka yi ta jira, ɗis, ɗis? Kada ka ji kunya, furosteti ne. Ga ƙahona can a bayan buhu, yanzu-yanzu in kafa maka, kyauta, saboda aikin ƙasa."

Ƙaramin soja ya cije leɓe ya kalli sama. Wani a bayan buhuna ya kasa, ya fashe. Saje ya mayar da hularsa a hankali.

"Kai likita."

"Da yardar Allah."

"Kowa ya cire hula. Me ya sa naka yana kai?"

"Sabuwar shuka ce, yallaɓai, rana..."

"Cire."

Sajo ya cire.

Dattawan na dawowa kenan, fuska a sake, suna gyara riguna. Suka ja suka tsaya. Kan Sajo na ƙyalli kamar sabon kwano, rini ya zubo ya yi masa layi-layi har wuya, 'yan gashin gefe sun manne kamar jiƙaƙƙen zare. Malam Tsoho ya matso, ya zagaya shi, ya miƙe a kan yatsu ya leƙa tsakiya.

"Babu!" ya yi ihu. "Jama'a, ku zo ku gani! Gashi babu, kuma ko ƙaho ɗaya bai kafa wa kansa ba! Mu ya mayar kasko, nasa kan yana ajiye lafiya lau!"

"Bakina ba ya kaiwa," in ji Sajo. Muryarsa ta canza. Ihun ya girgiza masa wani abu a ciki. "Yallaɓai... a ba ni izinin gona."

"Ka ce ko gezau."

"Duba gyaɗar zan yi. Yallaɓai, don girman iyaye."

Saje ya nuna gonar da baki. "Hannu ɗaya a sama."

Sajo ya ruga, ya faɗa cikin gyaɗa, ya kai hannu ga zariya. Ƙullin da ya yi a tasha ya sha gumi ya zama dutse. Ya ja, ya ƙara ƙullewa. Ya sa farce, farce ya karye. Ya sauke ɗaya hannun, ƙaramin soja ya ce "Sama!", ya mayar. Ya sunkuya zai kama da haƙori, tumbi ya hana.

"Aska!" ya yi kururuwa. "A miƙo min aska a zabirata!"

"Makami ne," in ji Saje. "Yana hannun hukuma."

Sajo ya yi tsalle ɗaya, ya yi na biyu. A na uku ya tsaya cak, hannu a sama, ido a rufe. Farin wandonsa ya fara sauya launi daga sama zuwa ƙasa, a gaban motocin Mubi da na Michika. Abin bai zo ɗis-ɗis ba.

Ya daɗe a tsaye kafin ya tako ya dawo kan kwalta, ƙafafu a buɗe, takalmi na ƙara. Mutane suka dare suka ba shi hanya mai faɗi. Ya tsaya gaban Jauro ya mayar da hula.

"Barkama, a dai lura, ni na fi kowa daɗewa."

"Na lura," in ji Jauro Bakari. "Juma'a za a naɗa Adi. Kai zai fara yi wa aski a gaban jama'a, don kada ya gaji." Ya juya. "Murtala, juya mota, gida za mu."

Sajo ya nufi gidan gaba ya kama ƙofa. Murtala ya riƙe ta daga ciki.

"Dokta, kujerar nan jiya na sa aka yi mata sabon yadi."

Murtala ya fito ya zagaya baya, ya buɗe but, ya roƙi Salomi tsohon buhu ya shimfiɗa kusa da safaya taya. Sajo ya hau ya naɗe ƙafafu, Murtala ya miƙa masa jarkarsa ya rungume, ya rufe but.